Wasana da Gara

Jiya da dare na yi wani mafarki, kuma tun da ba na cikin masu neman mai fassara tun kafin su wanke fuska, zan rubuta shi yadda ya zo.

Laifin Ashiru ne, jikana. Ƙato da gemu, da mata da 'ya'ya, amma duk Asabar sai ya zo ya baje mini katuna a kan tabarma. Ba karta ba ce irin ta 'yan tasha. Waɗannan kowanne da hoton dodo ko jarumi, da lambar ƙarfinsa a kusurwa, da bayanin abin da ya iya a ƙasa. Yana da su akwati-akwati, amma in za a buga wasa sittin kaɗai ake zaɓa a haɗa. Shi yana ce wa sittin ɗin dek, ni ina cewa ɗauri. Na ga wani kati da ya rufe cikin roba mai tauri ya ajiye gefe, na miƙa hannu.

Ya ce, "Tsohuwa, a'a! Kati mai daraja ba a wasa da shi."

Na ce, "To ango, wa ya raɗa masa suna katin wasa?"

Ya ce ba zan gane ba. Na tsufa ina koyar da lissafi, yau ni ce ba zan gane sittin ba.

A mafarkin na tsinci kaina a wani gari da hantsi. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake ɓulɓulowa ya tafi sama, saboda haka kowa ya juya lemarsa ya zauna a ciki kamar kwale-kwale. A kaina akwai adakar ƙarfe, ba ta da nauyi. Na bi mutane zuwa wani ofis. A can wanda ya zo ƙarshe shi ake fara gani, sai kowa ke gudu yana komawa baya. Ni da ciwon gwiwa ban sha wahala ba.

Wata jar akuya ce a bayan tebur, da tabarau a kan hanci.

"Hajiya, an kawo tarin?"

Na sauke adakar na buɗe. Katuna ne fal, kowanne da fuskar wanda na taɓa sani. Ga Inna. Ga Gwaggo Tasalla, yayar babana. Ga ɗalibaina ɗari bisa ɗari, yatsunsu duk tawada. Har ladanin unguwarmu na da, wanda agogonsa bai taɓa yarda da na kowa ba. Duk suna magana ƙasa-ƙasa, kamar kasuwa in ka jiyo ta daga nesa.

Kati ɗaya ne a can ƙasa ba ya fitar da sauti. Malam ne, mijina, Allah ya jiƙansa, da hularsa a karkace. Lambar ƙarfinsa ɗaya. A ƙasa an rubuta: Yana zama kusa. Bakinsa na motsi, ba abin da ke fita.

Wannan ɓangaren ba mafarki ba ne. Fuskar Malam ina da ita, tana rataye a bango. Muryarsa ce ta ɓace mini. Tun bara nake neman yadda yake sallama in ya shigo gida, na rasa. Ban gaya wa kowa ba, don kada a kai ni asibiti.

Akuyar ta ɗauki katin, ta lashi kusurwoyinsa huɗu, ta ɗaga shi ga haske.

"Ba lanƙwasa, ba datti. Maki goma bisa goma. A rufe shi a gilashi."

"In an rufe shi zai yi magana?"

"A'a. Amma ba zai goge ba."

"In na sa shi a ɗauri fa?"

"Zai iya magana, in ya zo hannunki. Zai kuma goge. Sannan da la'asar kina da wasa da Gara, garar nan mai cin itace da takarda, ita kuwa abin da ta ci a wasa, ci take yi na gaske, da baki. Ki rufe shi, Hajiya. Kati mai daraja ba a wasa da shi."

"Wa ya ce?"

"Haka muka taras."

"Mu ma mun taras ana cewa ƙwai yana sa yaro sata. Na ba 'ya'yana ƙwai, ba wanda ya ɗauki ko allura."

Akuyar ta cinye hatiminta don takaici, ta kira na gaba, wato na baya.

Sai ga ni a ƙarƙashin wata tsamiya mai saiwa a sama, na baje katunan a kan zanina. Kafin in fito akuyar ta ba ni shawara in zuba masu ƙarfi zalla. Ita ba ta taɓa ganin gwaggwanni uku masu ƙarfi a ɗakin girki ɗaya ba. Ranar ba a cin abinci. Na ɗauki Gwaggo Tasalla, ƙarfinta tara, an rubuta: Tana rufe bakin kowa da kallo ɗaya. Na ɗauki Inna. Na ɗauki ɗalibai, masu kaifi kaɗan, masu haƙuri da yawa, don duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san su wa ke ɗaukar tebur ranar da rufi ya yi yoyo. Sannan na lura katunan ba sa tashi aiki sai an shayar da su, sai na zuba rijiya, da inuwa, da tukunyar shayi. Waɗannan ba sa faɗa da kowa, amma in babu su ba wasa.

Zaɓen bai yi wuya ba. Barin sauran ne ya yi wuya.

"Malama, ni fa?"

"Malama, ni ne nake share miki allo!"

Na ce, "Ku koma adaka, ba kora ba ce. Wani wasan sai da ku."

Ladanin ya duba agogonsa ya ce dama shi lokacinsa bai yi ba.

Gurbi ɗaya ya rage. A dama ga Mati ɗan dambe, maƙwabcinmu na da, ƙarfinsa goma, yana ta sheƙa. A hagu ga Malam, ƙarfinsa ɗaya, bakinsa na motsi. Inna ta leƙo daga cikin ɗaurin.

"Ke dai tun kina goye kike da taurin kai."

Na ce, "Gado na yi, Inna."

Na saka Malam. Sannan na cakuɗa ɗaurin kamar yadda doka ta ce, ya nutse a cikinsu, ban san inda yake ba. Wannan ne Ashiru bai gaya mini ba. Kana iya zaɓen wanda kake so a cikin sittin, amma ba kai ke zaɓen sa'ar da zai zo ba, kuma ana iya tashi daga wasa yana can ƙasa.

La'asar ta fito daga gabas. Muna zaune a wani fili, tebur a tsakani, akuyar ce alƙaliyar wasa. Gara ta kai girman maraƙi, fara sol, ta yafa gyale, ta zo da gishirinta a ƙulle.

"Hajiya, ina wuni? Ya gwiwar?"

"Da sauƙi. Kin san ni ne?"

"Haba, maƙwabta muke. Ni na ci takardar shaidarki ta koyarwa. Ta yi daɗi, irin ta da ce."

Katunanta ba su da fuska, farare ne kamar ita. Ta ajiye na farko ta faɗi sunansa, "Wancan Mutumin." Ta ajiye na biyu ta ce, "Me Na Shigo Ɗauka." Na fito da Gwaggo Tasalla. Gwaggo ta zuba wa farin katin ido, irin kallon da ya taɓa sa mai unguwa ya koma ya sake sallama. Amma katin ba shi da idon da za a kalla. Gwaggo ta gaji ta zauna tana tsaki.

Na tura wani ɗalibi gaba. Gara ta ajiye "Yana Bakina", ta doke shi, ta barbaɗa gishiri ta cinye shi tas. Ina so in gaya muku ko wane ne, ba zan iya ba. Na ji gurbinsa kamar inda haƙori ya fita.

Na ja kati, rijiya. Na sake ja, rijiya. Na ja, inuwa. Inna ta tare hanya da muciya, ta riƙe su zagaye biyu, ɗalibai masu haƙuri suka riƙe na uku. Gara ta goge baki da gefen gyale tana jira. Ba ta da gaggawa, ba ta taɓa yi ba.

Na ja, sai ga hula a karkace.

Na ajiye shi a tebur, na ce, "Malam." Bai tashi ba. Na ba shi shayi, na ba shi inuwa. Bai tashi ba.

Akuyar ta ce, "Ba ki kira shi ba."

"Na ce Malam."

"Malamai nawa ne a ƙasar nan? Kati ba ya tashi sai an kira shi da sunansa na yanka. Da ƙarfi, kowa ya ji."



Ban taɓa faɗar sunan nan ba. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa har ranar da aka fita da shi, bai fito daga bakina ba. A asibiti in an tambaye ni, sai in miƙa kati in ce su karanta. Na taɓa samun ɗalibi mai sunan, shekara guda ina kiransa Mai Suna, har 'yan ajin suka ɗauka. Ni da na yi musu da sufetocin makaranta a kan rabin abin da ke cikin littafi, wannan ɗaya ban taɓa ɗaga shi na duba ƙarƙashinsa ba. Kuma ba tsoro ba ne ya sa. Abin nan da na hana bakina, kyauta ce nake ba shi kullum, shi ma ya sani.

Inna ta ce, "Kul! Kada ki soma. Ina za ki kai kunya?"

Gwaggo ta juyo da kallon nan kaina.

Gara ta kwance ƙullin gishirinta, ta barbaɗa a kusurwar katin, daidai wajen hular.

Na faɗa.

Ba zan rubuta muku shi ba. Akuya ta ji, Gara ta ji, ya isa. Muryar da ta fito ma ba tawa ta yanzu ba ce, ta yarinya ce da ba ta gama sanin inda randar gidan take ba.

Katin ya miƙe ya yi tsawon mutum. Ya kakkaɓe gishiri daga kafaɗarsa, ya gyara hular, ta ƙara karkacewa.

"Subhanallahi, Malama! A gaban mutane?"

Ita ce, muryar nan. Da 'yar dusashewar nan a ƙasanta, da yadda yake jan ƙarshen magana kamar ba ya so ya sake ta. Na ji ta tun daga kunne har gwiwa.

Na ce, "Akuya ce fa da gara."

"Ai su ma mutane ne a garinsu."

Ya tattara rigarsa ya zauna kusa da ni. Bai kai wa kowa hari ba, ba aikinsa ba ne. Gara ta ajiye gishirin ta naɗe hannuwa.

Akuyar ta ce, "A garin nan ba a cin abinci babba yana magana. Da ya yi shiru, za ta ci gaba."

Mutumin da za a iya wuni da shi bai cika kalma goma ba, yau shi ne sai ya yi ta magana.

"Malam, ba ni labari."

"Wane labari? Kin san ni."

"To tambaye ni wani abu."

Ya yi tunani. Gara ta miƙa hannu wajen gishiri.

"An gyara ƙyauren nan na bayan gida?"

"Ba a gyara ba."

"Na san ba za a gyara ba. Sai an ɗaga shi kaɗan sannan a tura, ku kuwa dukansa kuke yi. Ashiru ya yi hankali?"

"Gemu dai ya yi."

Ya yi dariya, ita ma na manta da ita, irin wadda ke fara fita ta hanci. Ya ce mini lemon tsamin nan na tsakar gida kada a yarda a sare shi, ko ya daina 'ya'ya. Ya ce na rame. Ya ce shayin da na ba shi ba citta. Yana magana ina kallon gefen rigarsa yana laushi kamar takardar da ta sha hannu, shuɗin hular yana komawa toka-toka.

Na ce, "Kana gogewa."

"To da me? Tabarma ma in ana zama a kanta gogewa take yi." Ya ɗan sunkuyo, ya rage murya yadda Inna ba za ta ji ba. "Ɗazu ban ji da kyau ba, iska ta ɗauke. Sake faɗa."

"Malam!"

"Dama na san kin iya. Sake faɗa, Malama."

Na buɗe baki, sai injin markaɗen Lantana maƙwabciyata ya tashi a bayan katanga, ya yi tari sau biyu ya kama. Gari ya waye, hasken ya shigo ta ƙarƙashin labule. Na kwanta ban motsa ba, ina tsoron in juya kai muryar ta zube. Ba ta zube ba. Na jira har aka zuba wake, injin ya ɗaga kuka yadda ko bango ba zai ji ni ba, sannan na sake faɗa masa.