Tuwon Gidan Atiku

A Kwargaba, in aka sallame magariba, kowane gida sai a fito da akushi ƙofar zaure, maza su kewaye su ci tare. Haka Mainasara da yayansa Atiku suka tashi suka tarar, haka suka riƙe: gandu ɗaya, rumbu ɗaya, gonar albasa ɗaya a fadama.

Sai ga wata cuta marar kunya ta shiga tsakani. Loma ta wuce maƙogwaron Mainasara ta tsaya cak a ƙirji, ba gaba ba baya, sai ya zagaya ya dawo da ita. Kunu mai ruwa-ruwa da matarsa ke dama masa kaɗai ke wucewa, shi ma da ƙyar, a tsaye. Ya rame har zariyar wandonsa ta yi masa yawa, ya daina sa hannu a akushi.

Mutanen gari kuwa ba a raba su da fassara. Suka ce tsoro yake kada Habi, matar Atiku, ta zuba masa sammu a tuwo. Magana ta kai kunnen Atiku, ya sami Mainasara a gona.

"Wace irin cuta ta wagga, da ka barin mutum shi sha kunun matatai, ta hana mai tuwon gidana? In albasa ta kai gida a raba gandu, kowa shi ci nai."

Wannan magana ce ta kai Mainasara asibiti a Sakkwato, ba ramar ba. Aka yi hotuna, aka zura masa tiyo mai fitila ta baki. Likita Nasrullahi ya ce sunan cutar akalasiya.

"Baba, ƙofar da abinci ka bi shi shiga tumbi ita ta ɗame, ba ta saki. Ana gyara ta ta baki, ba sai an tsaga ciki ba."

Ya ce akwai balan-balan da ake kaiwa wurin a hura, ta buɗe ƙofar da ƙarfi. Tana kai mutum shekaru, sai dai sau da yawa akan maimaita, kuma jefi-jefi takan yaga wurin. Akwai kuma wadda ake bi da tiyon a yanke naman da ya ɗame daga ciki. Ita ta fi ɗorewa, ko da yake takan bar mutum da ƙwannafi, kuma ba nan ake yin ta ba, sai an tura shi nesa ya jira layi. Ta ƙarshe allura ce, a yi yau a koma gida yau.

"Wacce ka sa in ci tuwo kahin a cire albasa?"

"Allura. Amma Baba, aro ce. Watanni kaɗan ta sake ka, kuma in anka yawaita ta, yankan ka ƙara wuya daga baya. Tsoffin da ba su iya ɗaukar sauran muka yi ma ita. Kai da sauranka."

Mainasara ya ji duka, ba kurma ba ne. Amma albasa ta riga ta kwantar da ganye, alamar ta kusa cira, fuskar Atiku kawai yake gani. Ya ce a yi allurar.

Ba a yi mako ba ya zauna gaban akushin Habi, ya yanko tuwon gero ya dangwali miyar kuka, ya haɗiye. Ta wuce! Hawaye suka cika masa ido. A nan ne daɗi ya kwashe shi, ya tafka kuskuren da ya fi na asibiti.

"Yaya, na warke sarai. Likita ya ce ba ta dawowa."

Atiku ya tura masa nama gabansa. Ba a sake zancen raba gandu ba, aka shuka gero tare.

Damina na tsakiya loma ta sake tsayawa. Mainasara ya ji tsoro ƙwarai. Wa zai gaya wa? Shi da bakinsa ya ce ya warke, a gaban jama'a. Sai ya ci gaba da zama, ya ci, ya yaba miya, ya sulale bayan rumbu ya sa yatsa ya fitar.

Wata magariba yana durƙushe, ya ji motsi a bayansa. Atiku ne riƙe da buta. Ya dubi ƙanensa, ya dubi tuwon Habi a ƙasa, sabo kamar ba a ci ba.

"Ashe hakanga kaka yi da shi. Tun yaushe?"

Mainasara ya buɗe baki zai ce cutar ce, zai ce aro ce allurar, zai ce ƙarya ya yi don kada a rabu. Abin da ya fito sauran tuwon ne.

Atiku ya ajiye masa butar ya juya.

Washegari ba a fito da akushi ba. Tun kafin la'asar an kafa dannin kara a tsakar gida, ya bi ta gefen rumbu ya raba gidan biyu. Mainasara ya tsaya a nasa ɓangaren da ƙoƙon kunu, yana jin ƙamshin miyar Habi ta ƙetaren danni. Ya kurɓa, ya jira. Kunun ma bai wuce ba.