Adaftar Injiniya

Sunan Injiniya bai samo asali daga wata makaranta ba. Shekara tara da suka wuce talabijin ɗin gidan surukansa ta ƙi kamawa ana tsaka da taron dangi, maza huɗu suka kewaye ta suna shawarar a kira mai gyara. Shi kuwa, don kawai ya sami abin yi da hannunsa, ya buɗe bayan rimot ya juya batir. Talabijin ta kama. Surukarsa ta tafa hannu ta ce ashe injiniya suka samu a gidan ba su sani ba. Tun daga ranar suna ya bi shi, shi ma bai taɓa korarsa ba. Ainihin aikinsa kula da sito ne a wani kamfanin fenti.

Iliminsa kaf na na'ura dokoki uku ne. In abu ya ƙi aiki, a kashe a kunna. In ya ƙi, a cire a hura masa iska. Ta uku ita ce wadda ya fi alfahari da ita, har ya koya wa kowa a dangi: duk 'yar tagar da ta buɗe da kanta a fuskar kwamfuta, bairos ce, a rufe ta maza kafin ma a karanta. Da waɗannan ukun ya yi shekara tara yana cin girma, ana kawo masa wayoyi da rediyo yana karɓa da fuskar likita.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Sista, shekararta goma sha biyu tana aiki a ɗakin haihuwa. Sau uku tana neman gurbin wani kwas na ƙaro ilimi, sai bana aka kira ta ganawa. Za a yi ta bidiyo ranar Laraba ƙarfe sha biyu na rana, kuma takardar gayyatar ta ce lallai da kwamfuta, ban da waya. In ta ci, za ta yi wata goma sha takwas a wani gari mai nisan yini guda a mota, ta bar shi da tagwayensu 'yan shekara bakwai. Injiniya ya fi kowa yayata labarin. A wurin aiki, a shagon aski, ko'ina cewa yake matarsa za ta tafi kwas. A cikinsa kuwa tsoro ne fal. Bai san inda ake ajiye katin asibitin yaran ba, bai san wace ce a cikinsu ba ta shan madara ba, kuma bai taɓa kwana uku a gidan nan ba tare da ita ba.

Ana saura kwana biyu, laftof ɗin gidan ta daina ganin intanet. Wayoyi na kama wayifai ɗin gidan lafiya lau, ita ko ta yi kamar ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ya kashe ya kunna, ya hura iska ta ko'ina, a banza. Ran Talata ya biya shagon kayan kwamfuta. Mai shagon ya ce abin da ke kama wayifai a cikinta ne ya mutu, ya miƙo masa wata 'yar adafta da ba ta fi ɗan yatsa ba, wadda ake sokawa a kafar gefe inda ake sa filash.

"Ka kawo laftof ɗin in haɗa maka mana, ranka ya daɗe," in ji mai shago.

Injiniya ya yi dariya irin ta wanda aka yi wa ƙaramin rashin kunya ya yafe. Ya ce a bar shi kawai.

Da yamma Sista ta roƙe shi ya haɗa tun da wuri.

"Baban Biyu, don Allah ka gwada yau. Hankalina zai fi kwanciya."

"Aikin minti biyar ne fa. Ke dai ki ji da karatunki."

Laraba ƙarfe tara, bayan an kai yara makaranta, ya naɗe hannun riga ya zauna a teburin falo. Sista na kujerar gefe da takardunta. Ya yage leda, ya soka adafta. Nan take wata 'yar taga ta buɗe a tsakiyar fuskar kwamfutar. Ya rufe ta kafin ƙiftawar ido, har da ɗan tsaki, don dai Sista ta ga gwaninta. Sannan ya jira. Ba abin da ya faru. Ya cire, ya hura, ya mayar. Taga ta sake buɗewa, ya sake rufewa.

Sai a karo na huɗu ya tuna da kwalin adaftar. A ciki ya sami wani ɗan faifan sidi da takarda mai rubutu ƙanana kamar tururuwa. Abin da ya iya tsinta shi ne ana bukatar direba, wato 'yar manhajar da ke gabatar da sabon abu ga kwamfuta don ta san yadda za ta yi aiki da shi, kuma direban na kan faifan. Ya ɗaga laftof yana laluben inda ake sa faifai. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya kifa ta ya duba cikinta. Laftof ɗin ba ta da wurin faifai, kuma shekara huɗu tana gidansa bai taɓa lura ba.

"Lafiya dai?" Sista ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Lafiya lau. Ina duba zafinta ne."

Takardar ta ce wanda ba shi da wurin faifai ya sauko da direban daga intanet. Injiniya ya karanta layin sau biyu. Sai da intanet za a sami direba, sai da direba za a sami intanet. An kulle ɗaki ke nan an bar makulli a ciki. Ya yi dabara ya sauko da wani abu mai kama da direban a wayarsa, ya jona wayar da laftof. Wayar ta fara caji abinta cikin kwanciyar hankali, don kebul ɗin gidan na caji ne kawai, ba ya ɗaukar komai. Ya koma kan adafta da ƙarfi, yana cirewa yana sokawa yana murɗawa kamar mai fama da tsohon kwaɗo. Sau bakwai tagar nan tana buɗewa, sau bakwai yana rufe ta.

Ƙarfe goma da rabi gumi ya jiƙa masa baya. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ya sa faifan a aljihu ya miƙe.

"Bari in je in dawo. Akwai wani ɗan abu da zan karɓo."

Sista ta dubi agogon bango, ta dube shi. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A shago ya ajiye faifan a kan kanta, ya ce a juye masa abin da ke ciki a filash. Mai shago ya ɗaga faifan yana juyawa kamar ya ga tsohon kuɗi.

"Wa ke da na'urar faifai yanzu? Ni kaina ba ni da ita. Amma ai ba ka bukatarsa. Wannan samfurin direbanta na cikin cikinta. Kana sokawa wata taga za ta buɗe da kanta, sai ka danna inda ta ce, shi ke nan. Ba ta buɗe maka ba ne?"

Akwai mutum biyu a shagon suna jiran a sallame su, duk suka juyo.

"Ya danganta," in ji Injiniya.

"Da me?"

Ya suri faifansa ya fice. A hanya motar haya ta tsaya ɗaukar fasinja a kowace kwana, shi kuwa yana zaune a matse yana lissafin yadda zai ceci sunansa. Zai shiga da fuskar wanda ya samo wani sirri. Zai aiki Sista ta kawo masa ruwa, kafin ta dawo ya danna tagar, sannan ya ambaci wata doguwar kalma. Ko a wannan halin, da saura minti ashirin ganawar da matarsa ta yi shekara uku tana jira, abin da ke ransa ke nan. Ya san abin kunya ne, kuma bai fasa shirin ba.

Ya tura ƙofar falo sha biyu saura kwata. Sista ta riga ta sa farin mayafinta ta zauna a gaban laftof. A gefen laftof ɗin adafta na ƙyafta wata 'yar shuɗiyar wuta.

"Tagar nan ta sake fitowa," ta ce. "Na ga ba ka nan, sai na karanta. Cewa ta yi in danna nan."

"Eh, to," ya ce. "Ita ma hanya ce."

"Amma zo ka gani. Da na saki sai ta ɗauke."

Ta ɗauke yatsanta daga kan adaftar, wutar ta mutu, intanet ya tafi. Ta danna ta sama, wuta ta dawo. Murɗar da ya sha yi da safe ta kwance bakin kafar, adafta na lilo a ciki kamar haƙorin da ya kusa fita. Ɗaya kafar kuwa ta daɗe da mutuwa, tun ranar da ya share ta da allura. Ya tokare adaftar da littafi, ta zame. Ya naɗa mata salatif, ta yi minti guda ta saki. Sai yatsa kawai take ji, shi ma sai an danna sama an ɗan karkata.

Saura minti huɗu. Sista ta ce ba za ta iya riƙewa tana rubutu ba, kuma takardar gayyatar ta hana a ga kowa a ɗakin.

"Shiga ƙarƙashin tebur," ta ce.

"Ni?"

"Baban Biyu."

Ya shiga. Ya durƙusa tsakanin ƙafar tebur da kwandon takalman yara, ya miƙo hannu ta gefe ya kama adafta da yatsa biyu. Daga nan ba ya ganin komai sai ƙafafunta da wata tsohuwar cingam da ɗaya daga tagwayen ta manna a ƙasan katako.

Muryoyi uku suka fito daga laftof, babbarsu wata mace mai magana a hankali, wadda ta ce ita ce shugabar kwamiti. Aka gaisa, aka fara tambaya. Minti goman farko Injiniya bai ji komai ba sai gwiwarsa. Daga baya ya fara saurare. An tambaye ta me za ta yi in mace ta haihu jini ya ƙi tsayawa, likita ba ya kusa. Sista ta amsa da wata murya da bai santa da ita ba, ba sauri ba inda-inda, abu na farko, na biyu, na uku. Ta ba da misalin wata mata da aka kawo bara, yadda ta yi minti arba'in hannunta na danne a cikin matar har aka samo jini. Ya tuna ranar. Ta dawo gida ta ce hannunta na ciwo, shi kuma ya ba ta labarin yadda ya gyara wa maƙwabci fanka. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba ta da wurin ɓuya, ga shi kuma da ma a ɓoye yake.

Hannunsa ya fara gajiya. Kafaɗa ta ɗauki zafi, yatsun suka mutu har bai san ko yana dannawa ba sai ya leƙa ya ga shuɗiyar wutar.

Can shugabar ta ce saura tambaya ɗaya.

"Sista, wata goma sha takwas ba wasa ba ne. Bara mutum biyu suka bar mana kwas a tsakiya saboda gida. Na ga kina da yara ƙanana. Maigidanki ya san abin da tafiyar nan take nufi? Ya amince da gaske?"

Ya ga Sista ta zare ƙafa ɗaya daga silifa, ta naɗe yatsun ƙafar a kan siminti.

A lokacin ne tunanin ya zo masa, a fili, ba kunya. In ya sassauta yatsa kaɗan, shi ke nan. Kafar ce ta lalace, kowa ya gani. Ba mai zarginsa, ita ma ba za ta zarge shi ba. Za ta yi kuka kwana biyu, ta koma ɗakin haihuwarta, da yamma ya ji motsinta a kicin kamar kullum. Bai san ko shi ya saki ba ko yatsun ne suka gaji, kuma har yau bai sani ba. Ya dai ga wutar ta mutu.

Falon ya yi tsit. Sista ba ta leƙo ƙarƙashin tebur ba, ba ta kira sunansa ba. Ta zauna kawai tana jira, ƙafarta a naɗe.

Ya kawo ɗaya hannun ya tallafe gwiwar hannunsa, ya danna adaftar sama da duk ƙarfin da ya rage masa, ya ɗan karkata. Wuta ta ƙyafta, ta ɗauke, ta sake kamawa. Ya ƙirga numfashinsa har bakwai kafin muryar shugabar ta dawo.

"Kin ɗan ɓace mana. Kina jinmu?"

"Ina jinku, ranki ya daɗe."

"To, muna sauraronki."

"Yana tsoro," in ji Sista. "Bai faɗa mini ba, amma na sani. Kuma ya amince."

Injiniya ya kifa goshinsa a ƙafar tebur, idonsa ya cika. Ba shi da hannun sharewa, don duka biyun suna kan aiki.