Ashana a Motar Baba

Motar ta girme ni, ta girmi Yaya, kuma a duk gidanmu ita kaɗai ce Baba bai manta ba. Mu 'ya'yansa tuni muka zama baƙi. Ni da yake kira Auta, wadda ya koya wa riƙe sifana tun hannuna bai iya zagaye ta ba, yanzu "baiwar Allah" nake, kamar wata da ya gamu da ita a tasha. Amma a zaunar da shi bayan sitiyari a tayar da injin, sai fuskarsa ta saki, ya yini ba rigima. Shi ya sa da famfon mai ya fara ɗiga, Yaya ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe, na ce masa sai dai su haɗa da ni su auna.

Fatar cikin famfon ce ta tsage. Da ƙyar na samo irinta. Ranar da na samo, Yaya yana wurin aiki, Umma ta tafi karɓo wa Baba magani, shi kuma yana barcinsa na rana. Na ce bari in yi maza kafin ya tashi. Na buɗe bonet, na shimfiɗa kwali, na shige ƙasan mota da rigingine, don famfon a can ƙasa yake, jikin injin.

Gaggawa aikin shaiɗan. Kafin a taɓa famfo ana matse tiyon da ke kawo mai daga tanki, wannan ko ɗan koyo ya sani. Ni kuwa, mai garejin kaina da ma'aikata, na bar filaya a kan benci na ce ai minti ɗaya ne. Ina jan tiyon, bakinsa da ya bushe ya dare. Tanki cike yake, garejin gida kuma gangare ne, bayan motar ya fi gabanta tudu. Fetur ya zubo mini a wuya da ƙirji, ya jiƙa kwalin, ya kama hanya a kan siminti. Na lalubo tiyon na danne bakinsa da babban yatsa. Ya tsaya, sai ɗan tsiyaya ta gefen tsagar, yana bin hannuna har gwiwa.

Ina cikin tsine wa kaina na ji jan silifas.

Ƙafafun Baba kawai nake gani. Suka tako cikin fetur ɗin, suka zagaya, ƙofar direba ta yi kukanta na kullum, motar ta ɗan sauko a kaina da ya zauna. Ban yi magana ba. In aka yi wa Baba magana ba zato, firgita yake, in ya firgita kuma taurin kai ke biyowa. Na yi fatan ya ɗan riƙe sitiyari ya gaji ya tafi.

Sai na ji ya buɗe akwatin gaban mota. Takardu suka yi motsi. Bayan haka wata ƙara ta biyo, ƙarama, wadda na sani tun ina yarinya: ana girgiza kwalin ashana a ji ko da saura.

Tun da likita ya hana shi taba muka kwashe duk wani sigari da ashana na gidan, har ƙarƙashin katifa muka duba. Babu wanda ya tuna da akwatin motar.

In na saki tiyon in fito, kafin in janyo jikina rabin tanki ya malale ƙarƙashin kujerar da yake zaune. In na yi ihu, zai yi abin da aka hana shi don kawai an hana shi. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba don kaina kaɗai ba, don na san ƙafafun nan ba za su iya gudu ba.

Na tausasa murya na ce, "Baba, don Allah ajiye ashanar nan."

Ya tambaya wace ce ke magana a ƙarƙashin motarsa. Na ce Auta ce. Ya ce ƙarya nake, Auta tana makaranta, kuma ba wanda zai kafa masa doka a cikin motarsa. Sai na ji ƙarr, ya ƙyasta.

Na rufe ido. Babu abin da ya faru. Ashanar ta tsufa, kanta ya marmashe. Ya yi tsaki, na ji yana zaro wata.

Yatsana ya mutu, warin ya fara juya mini kai. A lokacin na gane kuskurena na biyu: ina ta kiran uban da ba ya amsawa. Amma direban yana nan, shi ne ma yake zaune a kaina. Na aro muryar da makanikai ke yi wa direbobi a bakin hanya.

"Direba, taimako. Tiyon mai ya fashe, hannuna na kai. Miƙo filaya."

Ban ji ƙyastawa ba, ban ji ya ajiye ba. Na ji yana jan hanci, sau ɗaya, ya sake ja da ƙarfi.

Motar ta ɗago. Silifas ɗin suka fito, ba da jan da suka shigo da shi ba, suka nufi benci kai tsaye. Can sai ga fuskarsa ta saman injin, tsakanin batir da wayoyi, sigarin da bai kunna ba a leɓensa. Hannun da ba ya iya saka maɓallin riga ya biyo tiyon, ya wuce tsagar, ya matse shi da filaya. Ya ce in miƙo wata roba da ke gefena, ya naɗe hannun filayar da ita tam. Ya ce in saki. Na ɗaga yatsa a hankali. Ɗigo biyu, shi ke nan.

Na janyo jikina na fito. Kwalin ashanar yana hannunsa na hagu. Kafin in san yadda zan karɓa, ya dube shi, ya dubi simintin da ke sheƙi, ya haɗe rai ya tambaya wane marar hankali ne ya kawo ashana wurin fetur. Ya danƙa mini, ya ce in kai waje can nesa, in buɗe ƙofar gareji duka, in kwaso yashi. Na kai, na buɗe, na kwaso. Yana tsaye yana nuna mini inda ban rufe da kyau ba.

Da na gama ya ƙare mini kallo daga sama har ƙasa, rigata sharkaf, idona ja. Ya girgiza kai.

"Baiwar Allah, wa ya koya miki aiki? Ina da 'ya, ƙarama ce, ba ta kai kafaɗarki ba. Da ita ce, da ta matse tiyo kafin ta taɓa famfo."

Na ce masa gaskiya ne, zan kiyaye. Ya ce in jira ta dawo daga makaranta ta nuna mini. Ya jawo kujera ya zauna a bakin gareji yana kallon hanya, ni kuma na koma ƙasan motar, inda ba zai ga fuskata ba.