Kurmin Malam Tajuddeen

"Saba'in da tara," in ji Bashira daga bakin ƙofa, tana sanye da takunkumi. "Abban Zuhra, ɗazu fa tamanin da huɗu ya nuna."

Mijinta Fatihu ya sake danna wayarsa. Yana durƙushe a barandar hawa na sha ɗaya, ya tallafo kan maƙwabcinsu Malam Tajuddeen da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana kiran motar asibiti karo na huɗu. Ɗan abin awon numfashin da ke maƙale a yatsan Malam sai ƙifta ido yake yi. Ledar abincin da Bashira ta rataya masa a ƙyaure tun jiya tana nan, ba a taɓa ta ba.

"Suna hanya, Malam. Sun ce duk unguwar Cheras kira ake yi, amma suna hanya."

Malam ya buɗe ido da ƙyar. "Yau wace rana?"

"Juma'a."

"Gobe Asabar ke nan." Ya damƙi hannun rigar Fatihu. "Wayata. Abdulgani. Ka ce masa Mai Unguwa..."

Tari ya kwashe sauran maganar. Kafin ya lafa ma'aikata biyu cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa sun fito daga lif, sun ɗora shi a gadon turawa, sun rufe masa fuska da robar oksijin. Suka rubuta lambar Fatihu a takarda, suka hana shi bin su. Sai da ƙofar lif ta rufe sannan ya lura da wayar Malam yashe kusa da takalmansa.

Duk ɗan Najeriyar da ke benen nan ya san Mai Unguwa, ko da yake ba wanda ya taɓa ganinsa ido da ido. Namijin mazo ne, mai murɗaɗɗen ƙaho da fararen zane a kwiɓi, yana can a wani kurmi bayan Rafin Ɗinya, ƙauyen su Malam a ƙasar Ningi. Malam Tajuddeen malamin kwalejin gandun daji ne, ya haura hamsin, ya baro iyalinsa a gida ya zo nan ƙasar waje digirin dokta. Kurmin gadonsa ne. Shekara goma yana fama da shi: ya hana cinna masa wuta, ya ware tsakiyarsa ba mai shiga ko shi kansa, ya shuka wake a gefen rafi ba don girbi ba, ya ajiye kanwa a gindin wata ɗinya, ya ɗaura ƙaramar kyamara a jikinta. Ƙanensa Abdulgani kan zare katin duk mako, ya hau dutsen bayan gari inda waya ke kamawa, ya turo hotuna.

Kafin a saka dokar kulle, a shagon mamak, mai shayi da abinci na ƙasan bene, Malam kan baje hotunan a kan tebur.

"Kai Bakano, da ka ga dabba sai ka ga tsire."

"Malam, nama ai nama ne."

"Dubi wannan. Shekararsa biyu, wuya kamar na budurwa. Ka harbe shi yau, ka sha romo, an gama. Ka bar shi shekara huɗu, to sai ka ga namiji. Shi ya sa nake cewa..."

Nan Fatihu kan juya ga ƙwallon da ake nunawa a talabijin. Bai taɓa jin ƙarshen jimlar ba.

Abin da ya riƙe dai shi ne yarjejeniyar. Duk rani maharban ƙauyen kan fita babbar farauta. Sun yarda za su ɗaure karnukansu a bakin kurmin, ba wuta, ba tarko. Shi kuma Malam zai ba su namiji ɗaya a shekara, wanda ya zaɓa da bakinsa, a faɗa wa Sarkin Baka a jajiberin fita.

Bayan la'asar wayar Malam ta yi ƙara. Abdulgani ne.

"Innalillahi. Asibiti kuma? Shekaranjiya ya ce min mura ce."

"Jikin ya ɗan matsa ne. Da sauƙi, in sha Allahu."

"Allah ya ba shi lafiya. To, Malam Fatihu, ga Sarkin Baka nan ya aiko sau biyu. Gobe da ƙarfe shida za su fita. Yaya bai bar sallahu ba?"

"Ya ambaci Mai Unguwa."

"A ɗauka ko a bari?"

Fatihu ya dubi fuskar wayar. Hoton Mai Unguwa ne a kai, ba na mata ba, ba na 'ya'ya ba. Mutumin da ke neman numfashi ya ƙarar da na ƙarshensa a kan sunan dabba, ai ba don a yanka ta ba ne.

"Cewa ya yi kada a taɓa shi."

Abdulgani ya ce, "To, shi ke nan. Sai dai a ba su ɗaya cikin samarin mazon nan uku. Zan faɗa musu haka Yaya ya ce."

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo, suka zura wa Fatihu da Bashira tsinke a hanci, suka ɗaura musu wata roba ruwan hoda a wuyan hannu: kwana goma ko lif ba za su shiga ba. Fatihu ya wuni tsakanin taga da ƙofa. Titin ƙasa fayau, sai masu babur ɗin kai abinci. Duk motar asibitin da ta wuce sai ya ji ƙirjinsa ya amsa.

Sha biyu saura kwata na rana wata baƙuwar lamba ta kira shi da bidiyo. Nas ce, idanunta kawai ake gani. Ta ce da Turanci majinyacin ya hana kowa sakat sai an kira masa maƙwabcinsa. Ta juya wayar.

Kwana ɗaya tak, amma Malam ya zabge kamar an yi wata.

"Ka yi wayar?"

"Na yi, Malam. Ka kwantar da hankalinka. Ba mai taɓa Mai Unguwa."

Malam ya lumshe ido. Fatihu ya zaci godiya ce, har ya fara murmushi.

"Fatihu," in ji Malam a hankali, "ka kashe min yaro."

"Malam?"

"Shekararsa takwas. Haƙora sun cinye. Ka duba hoton ƙarshe... haƙarƙari a waje, ƙafar hagu na ja. Ba zai ga damina ba. Shi na tanadar musu." Ya ja numfashi sau uku kafin ya samu na magana. "Samarin nan uku su ne kurmin. Don su na yi shekara goma."

Fatihu ya dubi agogo. Nan suna gaban gida da sa'a bakwai. A Rafin Ɗinya biyar saura na asuba.

"Bari in kira Abdulgani yanzu in warware."

"Ba za su ji ba. An faɗa, an shafa fatiha. Sarkin Baka ba ya sauya magana da 'an ce'. Sai muryata."

Bashira ta riga ta miƙo wayar Malam, ta danna wurin ɗaukar murya. Fatihu ya roƙi nas ɗin ta ɗaga robar.

"Boleh," in ji ta, wato ta yarda. "Minti ɗaya, lah."

Malam ya tattara abin da ya rage masa. Muryar da ta fito ba ta majinyaci ba ce, ta mai wuri ce.

"Sarkin Baka, Allah ya ja da ranka, Tajuddeen ne. Saƙon jiya kuskure ne, ba laifin kowa. Tsohon na ba ku. Ku same shi a bakin kanwa, ku bi ta yamma kada iska ta kai masa warinku. Mutum ɗaya, harbi ɗaya. Samarin uku amana ne. Kada kare ya shiga. Na gode."

Nas ta mayar da robar, hoton ya ɗauke.

Fatihu ya tura wa Abdulgani. Alama ɗaya ta fito, ta tsaya. Ya kira, a kashe. Ya sake kira. Abdulgani na cikin gari, kuma ba mai hawa dutse ranar farauta.

"Sha biyu da kwata," in ji Bashira. "Saura minti arba'in da biyar."

"Na sani."

"Kira Hajiya Hannatu. Tana Ningi, can waya na kamawa."

"Matarsa? Ita ma mura ya ce mata. In ta ji muryar nan ai ta san komai."

"To ka zaɓa, Abban Zuhra. Kai ka ɓata, ba ita ba."

Ya kira. Ta ɗauka a bugu na biyu, da alama ta idar da salla ke nan. Ya gaishe ta, ya fara kewaye-kewaye.

"Malam Fatihu, wayar mijina a hannunka da asubar fari. Faɗa min kai tsaye."

Ya faɗa mata, har da kuskurensa. Ta ce ya turo mata muryar. Ya ga alama biyu sun yi shuɗi. Ya ƙirga daƙiƙa arba'in da saƙon zai ci, ya ƙara wasu arba'in, sannan ta kira. Ba kuka a muryarta.

"Shekara ashirin da shida ban taɓa jin ya yi wa kowa godiya a ƙarshen magana ba," in ji ta. "Rafin Ɗinya tafiyar rabin sa'a ce a babur in hanya ta yi kyau. Ni zan kai."

Ƙarfe ɗaya ta yi, ta wuce. Fatihu ya ɗora wayoyin biyu a kan tebur, ya zauna yana kallonsu kamar mai gadin tukunya. Bashira ta zuba abinci, ya huce, ta kwashe. Ya yi azahar, ya kasa tuna raka'a nawa ya yi, ya sake. A ransa ba abin da yake gani sai karnuka suna fizgar igiya, da ɗan mazo mai siririn wuya ya ɗago kai daga cikin wake.

Biyu da rabi wayarsa ta yi ƙara. Ya fizge ta. Asibiti ne. Likitan ya yi magana a natse, ya faɗi lokaci, ya ce su za su yi wanka da sutura, ba a yarda kowa ya zo ba.

Fatihu ya ajiye wayar, ya yi salati. Bashira ta zame jikin bango ta zauna, ta rufe fuska da mayafi. Ta ɗayan bangon, agogon kiran sallar Malam da ba wanda ya kashe yana ta tik-tik ɗinsa a ɗakin da ba kowa.

Sai bayan la'asar Abdulgani ya kira, yana haki, iskar kan dutse na kaɗa maganarsa.

"Malam Fatihu, da ta ƙara minti biyar da an makara. Har sun raba hanya, yaran Sarki sun nufi gonar waken. Sai ga Yaya Hannatu a bayan babur, takalmi ɗaya, tana ɗaga waya sama. Mace a tsakiyar maharba, ka taɓa gani? Sarki ya ce a kunna. Ya ji, ya ce a sake. Sannan ya ce kowa ya sauke makami, shi zai shiga da kansa."

"Samarin fa?"

"Ko gashinsu ba a taɓa ba. Tsohon kuwa yana kwance a bakin kanwa, bai ko tashi ba. Harbi ɗaya. Da aka buɗe bakinsa, wallahi ba haƙori, dasashi ne kawai. Sarki ya ce a ajiye wa Yaya ƙahon." Ya yi dariya. "Ka faɗa masa in ya farka. Yaya jikin nasa?"

Fatihu ya buɗe baki. Shirun da ya biyo baya ya isar da saƙon kafin shi.

An binne Malam Tajuddeen ranar Lahadi a wata maƙabarta a wajen gari. Mutum shida cikin fararen kaya suka yi masa salla, ba wanda ya san shi a cikinsu. Ɗayansu ya riƙe waya daga nesa, Fatihu ya kalla daga falo, Hajiya Hannatu ta kalla daga Ningi. Ƙasar wurin ja ce, jiƙaƙƙiya.

Ranar da aka yanke musu robar hannu, Fatihu ya karɓi mabuɗi ya shiga ɗakin Malam don haɗa kayansa. Yana cikin naɗe taswirar kurmin da ke manne a bango wayar Malam ta yi motsi a aljihunsa. Abdulgani ya hau dutse. Hoto ɗaya ne, bai rubuta komai ba: gindin ɗinya da sanyin safiya, samari uku a bakin kanwa. Biyu sun sunkuya suna lasa. Na ukun ya tsaya daidai inda tsohon kan tsaya, ya ɗaga kai.

Aka ƙwanƙwasa ƙarfen ƙofa.

Wani dogon mutum ne cikin shadda ruwan toka da baƙin takunkumi, jakar takardu a hammatarsa. Fatihu bai taɓa ganinsa a benen ba.

"Salamu alaikum. Kai ne Fatihu? Sunana Adnan Yahuza, ɗan wan marigayi ne, ina aiki a nan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman. Allah ya ba mu haƙuri." Idonsa ya tsallake kafaɗar Fatihu, ya sauka a kan taswirar. "Baba ya ce takardun kurmin nan suna cikin kayansa. Akwai masu son share wurin kafin ruwa ya sauka, rake za a shuka."

Fatihu ya amsa sallamar, bai zare sakatar ba. Ya mayar da wayar aljihun gaban rigarsa. Ba ta riga ta mutu ba, haskenta na fitowa ta cikin yadin, da inuwar ƙananan ƙahoni a kan ƙirjinsa.