Bunsuru Mai Wando a Zauren Malam Tijjani

Malama Jummai ba ta iya barin yarinya ta suɓuce mata daga aji. A shekarar da aka buɗe firamare kyauta, da ƙafarta ta bi gidajen unguwar Abakpa tana lallashin iyaye, har ta samo Hasana, autar Malam Tijjani mai makarantar allo. Yarinyar ga kai, ga surutu, ta kuma fara haɗa baƙi. Sai kawai aka wayi gari babu ita a aji. Wai Malam ya same ta da wani littafi mai hoton bunsuru sanye da wando, ya ce in wannan ne bokon, ta zauna a gida.

Jummai ce ta ara mata littafin, don haka ta ga ita ta jawo, ita za ta gyara. Mijinta Ayuba ya ce ta rufa wa kanta asiri, ina 'yar majami'a ina gardama da malami a zaurensa? Ta ɗaura ɗankwali ta ce ai ba gardama za ta yi ba, yarinyarta za ta ɗauko.

Ta sami Malam bayan la'asar a kan buzu, ta durƙusa ta gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, maganar Hasana ce ta kawo ni."

"Na sani, Malama. Ni ba na ƙin ilimi. Amma bunsuru da wando? Wannan ai shashanci ne."

"Malam ya duba cikinsa kuwa?"

Bai duba ba, bangon kawai ya gani. Shi kuwa mutum ne da ba ya son a ce ya yanke hukunci bai bincika ba, sai ya ƙwala wa Hasana kira ta kawo littafin. Ta miƙa, ta raɓe jikin bango idonta ya yi jawur.

Malam ya gyara tabarau, ya buɗe littafin ta dama, yadda hannunsa ya saba da littattafan Larabci shekara da shekaru. Wato dai ta ƙarshe ya fara. Jummai ta ga kuskuren, ta bar shi ya ci gaba.

Ga bunsuru tsamo-tsamo cikin kwata, yana kuka, keke a kansa. Malam ya juya shafi, ga shi a bakin kwata. Ya sake juyawa, ga shi a kan keke yana sheƙa gudu, kaji na watsewa. Can gaba ga shi yana sanɗa riƙe da keken a ƙofar gidan jaki. Daga nan sai bunsuru fes da shi, wando a goge, keke a jingine, jaki na sharar barci.

"Ikon Allah!" in ji Malam, yana shafa gemu. "Ashe wa'azi ne. Ɓarawo ya faɗa ƙazanta, ya yi nadama, ya mayar da kayan mutane a ɓoye, ya tsarkaka. Kai, wanda ya zana wannan ya san tuba."

Zuciyar Jummai ta yi fari. Ta ci nasara ke nan, abin da ya rage kawai ta ja bakinta ta yi godiya. Amma ta manta da ɗalibar da ta koyar.

"Baba, ba ta nan ake farawa ba," in ji Hasana. "Ta can ne. Satar keken ya yi, bai mayar ba."

Jummai ta ji kamar ta ɗauki yarinyar ta cusa a jaka. Malam ya dube ta ta saman tabarau.

"Haka ne, Malama?"

"Haka ne, Malam. Ɓarawo ne, kuma a kwata ya ƙare." Ta faɗa kai tsaye, don ba ta ga amfanin dawo da yarinya aji da ƙarya ba.

Malam ya juya littafin, ya fara ta hagu. Ya ga bunsuru fes yana hararar keke. Ya ga sanɗar. Da ya zo kan kajin sai gemunsa ya fara rawa. Da ya iso kwata, ya ga ƙafafu huɗu a sama da wando a yage, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda matan gidan suka daɗe ba su ji ba. Ya tuɓe tabarau yana share hawaye.

"Ja'iri! Ni ina nan ina yi masa shaidar kirki!"

Ya sake komawa kan kajin, ya ɗora yatsa a kan rubutun da ke ƙasan hoton.

"Nan me ya ce?"

Jummai ta sunkuyo za ta karanta, ya ɗaga mata hannu. Hasana ya kalla. Yarinyar ta matso ta durƙusa, ta bi baƙaƙen da yatsa, tana ciccije.

"Ku... ku ba ni... han..." Ta tsaya. "Baba, ba mu zo wannan ba tukuna."

Malam ya rufe littafin, ya tura shi ƙarƙashin buzu inda ba mai taɓawa.

"To, Malama, gobe da sassafe za ta zo. Ki yi saurin kai 'yan ajin wurin. Ina so in ji abin da ɓarawon nan ya ce wa kaji."