Kakar Aro

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makaranta Iya mai shara ta riga ta kife kujerun aji uku a kan tebura. Jikarta Tsinke tana zaune a bakin taga da littafi a cinya, tana ta jero Turanci.

"Go, wen, gon. Si, so, sin."

Iya ta ce wannan yaren na marasa aikin yi ne, tafiya guda sai an raɗa mata suna uku. Tsinke ta ce ai ɗaya ta yau ce, ɗaya ta jiya, ɗaya ta abin da aka riga aka gama. Iya ta matse tsumma a bokiti, ta tambaya to shara fa?

"Swip, swep, swep."

"Nan dai sun faɗi gaskiya. Ta jiya da ta shekaranjiya duk ɗaya."

Shekara goma sha ɗaya tana sharar makarantar nan. Da ɗanta ya rasu ya bar mata yarinyar, mai makaranta ya ce a kawo ta ta zauna a aji kyauta. Irin kyautar nan ce da ba a bari ka manta an yi maka. Iya ba ta damu ba, saura shekara ɗaya yarinya ta gama ta karɓi takardarta.

A makon ne malamin Turanci ya zo da zancen gasar insha'i ta makarantun gari, kowa ya yi rubutu a kan kakarsa. Ya ce a yi gabatarwa, a shiga magana, a rufe, kada a ja jimla kamar igiyar shanya, kada kuma a fara da jiya a tsinci kai a yau. Tsinke ta rubuta nata, ta karanta wa Iya tana mayar mata da Hausa: kakata mai haƙuri ce, mai kirki, mai ƙoƙari.

"Wannan kakar wa ce?"

"Ke mana."

"Wannan kakar kowa ce, 'yar nan. Ko wadda ta cinye mutum, in ta mutu haka za a ce."

Ta ce ita ba ta san biro ba, amma ta san ɗaki. Ba a fara shara daga tsakiya, daga lungu ake farawa, inda ba wanda ya duba. Kada ta rubuta an sha wahala, wa bai sha ba? Ta rubuta abin da idonta ya gani, ta bar mai karatu ya ji tausayin da kansa in yana da shi. In kuma ta gama ta tsaya, mai maimaita shara ƙura kawai yake tayarwa.

Kwana huɗu yarinyar tana yi tana gogewa. Na ƙarshen ya fito da tafin hannun da ruwan sabulu ya tsattsage, da yadda Iya ta san kowane ɗalibi da abin da yake bari a ƙarƙashin teburinsa, mai tauna murfin biro da mai dunƙule takardar da ya faɗi. Har da cewa ba ta iya karanta harafi ɗaya ba, amma ba ta taɓa zubar da takarda mai rubutu ba sai ta nuna wa wani tukuna. Iya ta ce an tona mata asiri, sannan ta ce a sake karanta mata.

* * *

Bayan sati aka kira Tsinke ofis. Da ta fito ta ɗauki tsumma tana goge allon da aka riga aka goge. Sai da Iya ta ƙwace tsumman ta faɗa. Nata ya fi na kowa, shi za a tura, amma da sunan 'yar mai makaranta. Malam ya ce makaranta ce za ta ci, ba mutum ba. Mai makaranta kuma ya tambaye ta, cikin fara'a, ko kujerar da take zama ta yi mata daɗi.

Iya ta jima tana kallon ƙofar ofis. Taku goma ne tsakani, kuma baki gare ta, kowa ya sani. Amma shekara ɗaya ta rage. Ta ɗauki bokitinta ta wuce aji huɗu.

* * *

Rubutun ya zo na ɗaya a gari kaf. Ranar ba da kyauta aka cika zauren taron makarantarsu da iyaye, aka zaunar da mahaifiyar mai makaranta a layin gaba, tsohuwa mai jiki, zobe a kowane yatsa. Iya tana ƙofar baya da tsintsiya a hamata.

'Yar mai makaranta ta hau ta fara karantawa. Iya ba ta jin Turanci, amma wannan ta san shi kamar hanyar ɗakinta. Ga wurin hannuwa. Ga wurin murfin biro, sai kuwa zauren ya ɗauki dariya. Ga wurin takarda mai rubutu, sai aka yi tsit, wata mata mai gilashi ta zaro hankici. Manyan mutane da manyan motoci, maganar Tsinke ce ke juya su yadda ta ga dama. Iya ta jingina da ƙofa. Sau uku aka tafa, ta ƙirga.

Mutane sai juyowa suke suna kallon tsohuwar layin gaba da tausayi, ashe haka baiwar Allah ta sha fama. Ita kuma tana ta gyaɗa kai tana murmushi, don ita ma ko "kam" ba ta ji a Turanci.

Da aka tashi tsohuwar ta nemi banɗaki, Iya ta raka ta. A bakin famfo ta rage murya.

"Ke da kike cikinsu kullum, me jikar nan tawa ta ce a kaina? Sai rungume ni ake yi kamar an yi mini mutuwa."

Iya ta miƙa mata sabulu. "Alheri ta faɗa, Hajiya. Ta ce shekara goma sha ɗaya kina sharar aji. Ta ce hannunki duk ya tsage."

Tsohuwar ta dubi hannunta a ƙarƙashin ruwa. Ta dubi hannun da ya miƙo mata sabulun. Ba wawuya ba ce. Ruwa ya yi ta zuba ba wanda ya rufe.

"Taki jikar, aji nawa take?"

"Saura mata shekara ɗaya."

"To Allah ya sa ta gama lafiya."

Iya ta ce amin. Addu'a ce ko kashedi, ba ta tambaya ba. Tsohuwar ta fita hannuwanta a cikin mayafi.

* * *

Zaure ya watse, su biyu suka rage suna haɗa kujeru. Tsinke ta ce 'yar mai makaranta ta ɓata mata kalma biyu, ta mayar da jiya yau a layi na ƙarshe. Iya ta ce zanen aro ai ba ya rufe katara, amma dai an tafa, kuma ta san wa aka tafa wa.

Malamin Turanci ya leƙo, bai yarda sun haɗa ido da Iya ba. Ya miƙa wa Tsinke wata 'yar takarda, ya ce akwai wata gasar zango mai zuwa, ta fara tunani tun yanzu. Ya juya da sauri.

Yarinyar ta karanta, ta ninke, ta ci gaba da jan kujera. Iya ta tambaya wannan karon a kan me.

"Mahaifina."

Iya ta ɗora kujerar hannunta a kan 'yar'uwarta, ta daidaita ƙafafun a hankali.

"Wannan kam ba za mu ba su namu ba," in ji ta. "Ki ƙera musu wani. Ki ba shi mota da tumbi, ki gyara masa Turancin tsaf. Namu ki bar shi a gida."

Tsinke ta sa takardar a aljihu, ta kama ɗaya gefen tebur, suka ɗaga.