Minti Bakwai na Baba Tela

Shekara takwas ke nan ciwon baya ya raba Baba Tela da kekensa na ɗinki. Wurare uku ke duba shi: asibitin ƙashi, ɗakin masu gashin ƙashi, da ƙaramin asibitin unguwa. Kowanne da katinsa, wani lokaci wannan ya hana abin da wancan ya rubuta. Tun rasuwar matarsa babu mai tuna masa wace ƙwaya ake sha kafin abinci.

Nas ɗin asibitin unguwa ce ta kira shi ranar Litinin. Ta ce yanzu wuraren uku suna haɗuwa ta bidiyo duk Laraba, kowa daga ofishinsa, su tattauna a kan masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wannan makon an saka sunansa, kuma ana so ya shiga ta wayarsa ya faɗi nasa, ƙarfe sha ɗaya da kwata.

’Yarsa da ke aure a wani gari ta turo masa saƙon murya, ta koya masa inda zai danna, tana tsokanarsa kada ya nuna wa likitoci hanci da silin kawai. Sau huɗu ya saurara. Ranar Laraba ya share iya gefen ɗakin da zai fito a waya, ya sa rigar da ya ɗinka wa kansa da can, ya jingina wayar da kwalbar ruwa tun ƙarfe goma.

Mutum huɗu ne suka bayyana. Likitan ƙashi, ana ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, mai gashin ƙashi, a cikin mota, mai haɗa magunguna, wadda muryarta kawai ake ji, sai nas. Suka gaishe shi, suka shiga aiki. Mai magunguna ta gano ƙwayoyi biyu da ba sa jituwa, su ke ƙona masa ciki. Aka soke ɗaya. Mai gashi ya ce a rage masa motsa jikin safe. Baba Tela yana ta gyaɗa kai. Bai taɓa jin mutum huɗu suna magana a kansa lokaci guda ba, har ya ji wani daɗi-daɗi.

Can likita ya ce, “Baba, kana da abin cewa?”

Yana da shi. Ya gyara zama ya fara. Ya ce ciwon ya saba da shi, kamar maƙwabcin da ba a shiri amma ana gaisawa. Abin da ke cinsa shi ne ba ya iya zaman benci, don haka ya daina fita majalisar ƙofar shago, abokai kuma sun yi zuwan dubiya har sun gaji. Sai ya yi kwana biyu bai ji muryar kansa ba. Ya ga nas tana ɗaga hannu tana nuna kunnenta, ya ɗauka cewa take ya ci gaba.

Ashe makirfonsa a kashe yake. Kafin ya lalubo wurin dannawa, likita ya riga ya kalli agogo.

“Yauwa, yanzu muna jin ka, Baba. A gajarce.”

“Babu komai,” in ji shi. “Na gode, Allah ya saka.”

Suka yi masa fatan sauƙi, fuskokin suka ɓace. Wayar ta nuna minti bakwai.

Bayan azahar nas ta kira, ana jin hayaniyar marasa lafiya a bayanta. Ta ba shi haƙuri, ta tambayi abin da yake faɗa ɗazu. Ya ce ai maganar tsofaffi ce, ba ta da kai. Ta matsa, sai ya ce gidan ne dai ya yi shiru da yawa. Ta ce masu irin ciwonsa suna haɗuwa a asibitin duk Asabar da safe, akwai kujeru masu abin jingina, ya zo.

Cikinsa ya daina zafi tun kwana na uku. Ranar Asabar ya ɗauki sandarsa ya dogara har bakin titi. Motocin haya biyu suka tsaya, duka a cike, sai dai ya matsu a kujerar baya, bayansa kuwa ba zai jure ba. Ya ɗaga musu hannu su wuce. Ya tsaya har ƙafarsa ta hagu ta fara sanyi, sannan ya juya a hankali ya nufi gida, yana hutawa a jikin kowace katanga.